Ya Gumsu da Ciyawar Filin Makaranta

Ya Gumsu tana da shekara sittin da ɗaya, mijinta ya rasu, kuma ita ce ke gadin wani kango a can ƙarshen unguwar Mairi. Mai kangon ɗan ƙanwar mijinta ne, yana aiki a Abuja, ya kai ginin linta sai hali ya gaza masa. Ɗaki ɗaya aka rufa wa kwano, shi ne nata. Sauran tsakar gidan buhunan siminti ne cike da ƙasa, kowanne da abin da ta shuka a ciki: alayyafo, yakuwa, kuɓewa, da ɗan barkono a gindin katanga. Daga nan take yin miya, daga nan take kai wa masu kayan miya na bakin titi ta samu na hatsi. 'Yarta ɗaya tana aure a Monguno, kuma ba ta son a tambaye ta dalilin da ya sa ba ta koma wurinta ba.

Tun daga kwanar layin mutum yake sanin ya kusa gidanta, saboda wari. Warin daga duro uku yake fitowa, shuɗaye, na roba, da ta jingina da katangar gabas. Ciyawa ce take ruɓewa a cikinsu. Baƙo cewa yake masai ce ta fashe. Matan unguwar sun daina kiran ta idan za a haɗa turaren wuta na biki, domin a cewarsu ko ta yi wanka warin yana biye da zanenta. Ita kuma ta ce ko sun kira ta ba za ta je ba, ba ta ga abin da turare ya taɓa dafa mata ba.

A Zabarmari aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta ƙare ƙuruciyarta cikin fadamar shinkafa. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata aikin ciyawar nan. Lokacin cirar ciyawa, mata sukan tara abin da suka tuge a wani rami a kusurwar gona, ruwa ya kwanta a kai har ya yi baƙi. Duk shekara shinkafar da ke kusa da ramin ta fi sauran tsawo da duhun ganye. Kowa ya san haka, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, tunda a lokacin takin buhu yana samuwa. Da noma a yankinsu na Jere ya zama abin da ake fita yi da fargaba, mijinta ya daina zuwa gona mai nisa, daga baya ciwo ya kwantar da shi. Bayan ta gama takaba ta sayar da abin da zai sayu, ta hau mota ta shigo gari.

Ƙasar da ta samu a kangon yashi ce. Alayyafon farko da ta shuka ya fito siriri, rawaya, kamar mai ciwon shawara. Takin buhu ya fi ƙarfinta. Sai ta tuna maƙwabcinta na bayan katangar gabas yana da raguna.

Maƙwabcin nan, Alhaji Abakar, Bafillace ne, Fulata in ji Barebari, dillalin dabbobi a Kasuwar Shanu. Mahaifinsa makiyayi ne, shi kuwa tun yana yaro aka shigo da shi gari. A gida yana da turke inda yake ɗaure ramammun raguna da yake saye bayan Babbar Sallah, ya yi ta kiwonsu har wata shekarar. Mutum ne mai yawan magana da dariya mai ƙarfi, kuma ƙofar gidansa ba ta rabuwa da majalisa.

A gaban majalisar nan Ya Gumsu ta tsaya wata rana da yamma, ta gaishe su, ta ce tana roƙon kashin raguna ko da buhu ɗaya ne.

"Jama'a, ku shaida," in ji Alhaji Abakar, har da miƙewa tsaye don kowa ya ji. "Yau Babarbariya ta gane ubangidanta. Ba nono ta zo roƙo ba, ba nama ba, kashi! Baiwata, da wace miya za ki ci shi, ta kuka ko ta kuɓewa?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, domin haka ake yi. Tsakanin Barebari da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa yana kiran ɗayan bawansa, kowa yana da izinin zagi, kuma wanda ya nuna ya ji haushi shi ne ya yi abin kunya. Ta tsaya tana jira a gama dariya a ba ta abin da ta zo nema. Da aka gama sai ya ce ai takin na masu lambun bakin ruwan Alau ne, su suke zuwa kwasa, ya juya ya ci gaba da hirarsa. Ta koma gida da buhunta a naɗe a hammata.

A bayan layinsu akwai wata makarantar kuɗi mai filin ƙwallo. Da rani filin ƙasa ce zalla, amma da damina ciyawa takan rufe shi, sai mai kula da wurin, wani mutumin Biu mai suna Mikail, ya bi ta da injin yanka. Abin da ya yanke yakan tara shi a bayan katanga, inda ba hanya ba ce, ya bar shi ya bushe ya cinna masa wuta. Ya Gumsu ta same shi ta ce ya daina ɓarnar ashana, ita za ta riƙa kwashewa. Ya ce to. Ta ari baro, daga baya ta sayi nata.

Yadda take yin takin ba sirri ba ne. Duk wanda ya tambaya takan gaya masa, amma da faɗa. Ciyawar sai ɗanya, ranar da aka yanke ta, domin idan ta kwana a tsibi ta ɗauki zafi ƙarfinta ya tafi. Wadda ta yi 'ya'ya ba ta ɗauka, kada ta shuka wa kanta aiki a cikin buhuna. Takan zuba ciyawar a duro ta wuce rabi, ba ta dannawa, ta zuba ruwa har ya sha kanta. Ta ɗaure bakin da tsohon gidan sauro, ta ɗora murfi a karkace don ya samu numfashi. Kowace safiya ta buɗe ta juya da wani dogon icen dogonyaro. Da farko kumfa yake yi kamar an ɗora shi a wuta. Idan kumfar ta kwanta, ruwan ya yi duhu, to ya nuna. Ta tace da buhun shinkafa ta ɗura a jarkoki, tukar kuma ta shimfiɗa a gindin shuka don ta riƙe danshi.

Ba a zuba shi tsagwaronsa. Wata mata ta taɓa karɓar kwalba ɗaya ta je ta tuttula wa tumatirinta, ya ƙone ƙurmus, ta dawo da ƙorafi. Ya Gumsu ko kujera ba ta ba ta ba.

"Na ce miki ki sirka da ruwa har ya zama kamar shayin gidan marowaci," in ji ta. "Kin ji ko ba ki ji ba? To je ki yi wa kunnenki faɗa, ba ni ba."

Da wannan ruwan alayyafonta ya yi ganye kamar tafin hannu. Abin da ta tara a jarkoki da damina shi ke kai ta har wata daminar. Idan babu ciyawar filin makaranta, babu jarkoki, idan babu jarkoki, buhunan za su koma yashin da suke a da. Ta san haka, kuma Alhaji Abakar ma ya sani.

Katangar da ta jingina durorinta ita ce bayan turkensa. Masu zuwa ganin rago sukan shigo da fara'a su fita da hannu a hanci. Ya yi mata magana sau da yawa, amma kullum cikin wasa, tunda ta nan kaɗai al'ada ta bar masa ƙofa.

"Baiwata!" yakan ƙwala kira ta saman katanga. "Wa ya mutu a gidanki kika ƙi binnewa?"

"Kakanka ne, Fulata. Ya zo satar gishiri ya faɗa duro."

"Barebari da aka sani da ƙamshi! Ke a wane gari aka tsinto ki?"

"A garin da aka sayo ubanka da ƙwarya ɗaya ta gero."

Masu wucewa sukan tsaya su yi dariya su wuce. Ba wanda ya lura cewa idan maganar ta ƙare, babu ɗayansu da yake murmushi a nasa ɓangaren katangar. Wata rana kuma Alhaji ya taka komin raguna ya leƙo, ya ga tana tura ɗanyar ciyawa kore shar cikin ruwa. Ya sauka ya aika a bincika masa inda take samo ta.

Bana yankan farko ya faɗo cikin watan Cika-ciki, watan da abokan wasa ke bin juna suna neman shara. Jarkar Ya Gumsu saura ɗaya. Ta ji ƙarar injin Mikail tun da hantsi, ta wanke durorinta, ta tura baro zuwa bayan makaranta. Ta tarar da a-kori-kura a tsaye, leburori biyu suna loda ciyawar da shebur, Alhaji Abakar yana gefe da mutum uku na majalisarsa.

"Wannan fa?" in ji ta.

"Sharata ce na zo karɓa. Shekara nawa kina cin bashina ba ki biya ba? Bana na yi wa kaina adalci."

"Alhaji, sauke mini ciyawata."

"Kun ji ta? Wai Alhaji. Yau baiwa ta koyi ladabi." Ya juya wajen leburorin. "Ku share har ƙasa, kada ku bar mata ko ta sakace."

Mutanen suka yi dariya. Mikail yana tsaye a bakin ƙaramar ƙofa, ya sunkuyar da kai yana goge injinsa. Ya Gumsu ta tsaya riƙe da hannun baro har motar ta tashi. Daga nan ba ta koma gida ba, ta wuce gidan Bulama Madu.

Bulama Madu shi ne mai unguwa, Babarbare kamarta, tsoho mai son goro da zaman lafiya. Ya saurare ta har ta kai aya, sannan kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ya Gumsu, a watan Cika-ciki kika kawo mini ƙarar Fulata? So kike a yi mini dariya har can fada a Shehuri?"

"Abincina ya kwashe, Bulama."

"Ciyawa ce fa. Ke ma je ki kwaso masa wani abu. Ai wanda ya yi fushi da abokin wasansa shi ke biyan goro a unguwar nan, kin sani. Tashi ki tafi kafin in ci ki tara."

Ta tashi ta tafi.

Alhaji Abakar ya baza ciyawar a kan tamfal a ƙofar gidansa don ta bushe ta zama ingirici, ya adana wa raguna. Ta yi kwanaki tana shan rana, ana juya ta, har ta fara ƙamshi. Ranar da za a ɗure ta a buhuna, bayan La'asar, majalisa ta cika, sai ga Ya Gumsu ɗauke da jarkarta ta ƙarshe a ka. Ta sauke, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe murfi.

"Bawana," in ji ta, da fuska a sake, "na ga ragunanka za su ci tuwo gaya. Ga miya na kawo musu."

Ta bi tamfal ɗin daga wannan kusurwa zuwa waccan tana tsiyayawa, ba sirki, har jarkar ta ƙare. Warin ya tashi kamar an buɗe shadda. Majalisa ta watse, wasu suna tari, wasu sun riƙe ciki don dariya. Wani tela har ya zauna a ƙasa. Duk ido ya koma kan Alhaji Abakar, domin yanzu shi ake jira. Ya yi dariyar. Ta fito da ƙarfi kamar kullum, amma jijiyoyin wuyansa sun miƙe, kuma carbin da ke hannunsa ya naɗe shi a yatsa har yatsan ya yi fari.

"Kin iya, baiwata," in ji shi. "Wallahi kin iya."

Raguna suka shinshina ciyawar suka juya baya. Aka wanke ta, aka sake shanyawa, suka ƙi. A ƙarshe a bola aka zubar. Labarin ya zaga Mairi. Mutane suka riƙa cewa ba a taɓa yin abokan wasa masu daɗi irin waɗannan biyun ba, har wani da zai yi sunan ɗansa ya aika musu goro ya ce lallai su zo su zauna kusa da juna, don taronsa ya yi armashi. Ba wanda ya je a cikinsu. Ya Gumsu kuwa ta rasa ciyawa ta rasa jarka, sai dai ta ƙudura a ranta cewa yanka na biyu nata ne, ko da a bakin ƙofar makarantar za ta wuni.

Alhaji Abakar bai jira yanka na biyu ba. Ya sa babbar riga ya je ofishin mai makarantar, Madam Rhoda, ya ce shi zai riƙa zuba wa injin mai har ƙarshen damina, a bar masa ciyawar. Matar ba ta ga dalilin ƙi ba. Ba ta ma san da wata Ya Gumsu ba, domin maganar tsakaninta da Mikail ce kawai. Daga ranar motar Alhaji ta riƙa shiga ta babbar ƙofa, a loda a ciki, ta fito a rufe.

Mikail da kansa ya zo kangon ya gaya mata. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Mama, ki yi haƙuri. Ni ɗan aiki ne."

"Na sani. Da can ma da kake ba ni, ba don Allah ba ne, don ka huta da ƙonawa ne."

"Haba Mama."

"Tafi, Mikail. Kana tare mini iska."

Damina ta yi nisa, ruwa yana wanke abin da ya rage a buhunan. Ganyen alayyafo na ƙasa ya fara rawaya. Kuɓewa ta yi fure ta zubar. Masu kayan miya suka fara juya ɗaurinta a hannu suna ajiyewa. Ta gwada ganyen dogonyaro da ɓawon kayan miya a duro ɗaya, ruwan ya fito ba ƙarfi. Duk lokacin da ta ji ƙarar injin daga bayan layi, sai ta shiga ɗaki ta zauna har ya yi shiru. Daga bayan katanga kuma kiran bai fasa ba.

"Baiwata! Kwana biyu ba mu jin turarenki. Ko kin tuba ne?"

Ita kuwa sai ta ci gaba da aikinta. Mutane suka ce Alhaji ya ci wannan zagayen, suna jiran su ga da me za ta rama.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawan unguwa suna zaune a rumfar Bulama Madu, Alhaji Abakar yana cikinsu. Ya Gumsu ta zo da ƙullin ganye a hannu. Ba ta tsaya daga nesa kamar yadda mata suke yi ba. Ta zo har bakin tabarma, ta durƙusa, ta kwance ƙullin a gaban Bulama. Goro ne, farare manya.

"Na mene ne?" in ji Bulama.

"Tara ce. Ka ce wanda ya yi fushi da abokin wasansa shi ke biyan goro. To na yi fushi. Ga goronku, ku raba. Yanzu na biya, sai a saurare ni."

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ya Gumsu, wasan nan ba ni na ƙirƙiro shi ba, ba ke ba," in ji Bulama. "Kakanninmu..."

"Kakanninmu suna da gonaki. Ni buhu gare ni. Mutumin nan ba wasa yake da ni ba, ni ma ba wasa nake da shi ba, kuma kowa a nan ya sani, dariyar ce ta yi muku daɗi. Ya ga inda nake ci ya je ya toshe. Ku tambaye shi a gabana, ba da sunan Fulata ba, da sunan da ubansa ya raɗa masa."

Bulama ya dubi goron, ya dubi Alhaji. Ba yadda zai yi, tarar da shi ya ambata an kawo.

"To, Alhaji Abakar, ka ji."

Alhaji ya buɗe baki kamar zai saki wani barkwanci, ya ga fuskokin mutane, ya fasa. Da ya yi magana, muryar ba irin wadda aka saba ji ba ce.

"Tunda ta ce a ajiye wasa, a ajiye. Ni ban taɓa son zamanta a bayan gidana ba. Warin nan ya kore mini masu saye, iyalina ba sa iya cin abinci a tsakar gida. Wannan duk na haƙura. Amma ni ina yaro na ga shanun ubana suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a shekarar fari, yana yawo da igiya yana neman abin da zai cika tafin hannu bai samu ba. Abin da ya kawo mu gari ke nan. Sai in leƙa katanga in ga mace tana dulmiya ɗanyar ciyawa a ruwa don ta ruɓe? Wannan wulaƙanta ni'ima ne. Ko ba ni da rago ɗaya ba zan so in gani ba."

"Ragonka ya ci ya yi kashi, ka sayar wa masu lambu su zuba wa alayyafo," in ji ta. "Ni na zuba wa alayyafo kai tsaye. Ina wulaƙancin? Don ban biyo ta cikin aljihunka ba?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara da shekaru ina yi maka dariyar da ba ta kai ciki ba."

Bulama ya ɗaga hannu. Ya ce ga hanya mai sauƙi: ciyawa ta tafi wurin raguna, takin raguna ya dawo wurin Ya Gumsu, kowa ya huta, unguwa ma ta huta da wari. Dattawa suka gyaɗa kai. Alhaji ya gyara zama.

"Na yarda," in ji shi. "Ta zo ƙofar gidana ta tambaya, a ba ta."

"Na taɓa zuwa," in ji Ya Gumsu. "Wasunku suna wurin. Ba zan sake ba. In zai bayar, ya aiko."

"Ni in aika wa wadda ta lalatar mini da abincin dabbobi a gaban mutane? Allah ya kiyaye."

Aka yi ta jan maganar har inuwar rumfar ta gusa, ba wanda ya motsa daga inda yake. A ƙarshe Bulama ya yanke abin da yake cikin ikonsa. Ciyawar filin ta makaranta ce, makaranta ta ba Alhaji, shi ba shi da ta cewa. Amma wadda ke fitowa a wajen katangar makarantar da bakin lambatu, inda inji ba ya zuwa, ta Ya Gumsu ce, kada leburorin Alhaji su taɓa. Ita kuma ta janye durorinta daga jikin katangar gabas. Sannan ya tura goron gefe da bayan hannu. Ba wanda ya ɗauka.

Tun daga ranar ba a sake jin kira ta saman katanga ba. Idan suka haɗu a layi, kowa ya kalli gabansa. Unguwar ba ta yafe mata ba. Alhaji bai rasa kowa a majalisarsa ba, ita kuwa ana cewa ta kashe wasa, abin da ba a taɓa ji ba, kuma tela ya daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Wata maƙwabciya ta zo ta ba ta shawara ta je ta ba Bulama haƙuri ta karɓi goronta, a koma yadda ake. Ya Gumsu ta tambaye ta ko haƙurin zai sa kuɓewa ta daina zubar da fure. Matar ta ja mayafinta ta fita.

Ciyawar bakin lambatu ba ta kai ta filin ba. Gajeriya ce, cike da leda da ƙaya, rabinta ta riga ta yi 'ya'ya, kuma da hannu za a yanke ta. Ya Gumsu ta duba ta ga ba za ta cika duro uku ba ko za ta kwana tana yanka. Ta tuge kuɓewar duka, ta tuge barkonon, ta juye ƙasar buhunansu a kan na alayyafo da yakuwa, waɗanda take ganin za ta iya riƙewa. Duro biyu ta wanke ta kifa.

Ranar Asabar da ta wuce ta kai tsohon laujenta na Zabarmari wurin maƙeri aka wasa mata. Ta bi bakin lambatun a duƙe tun daga kusurwar makaranta, tana yanka tana tsince leda, motar Alhaji ta wuce ta a cike ba ta ɗaga kai ba. Ta turo baronta gida, ta kama duron da ya rage ta janye shi daga jikin katangar gabas kamar yadda Bulama ya ce, amma tazarar tafin hannunta kawai, ta gwada ta ga hannun yana shiga tsakani. Ta zuba ciyawar, ta zuba ruwa har ya sha kanta, ta ɗaure bakin da gidan sauro.